Cokali da Ƙararrawa

Likitan bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ya dubi allurar sikelin da aka ɗora Baba a kai, ya dubi katinsa, ya sake duban allurar kamar mai fatan ta canza shawara. Sannan ya zare tabarau ya murza ido.

"Ya ƙara raguwa," ya ce. "Ke ce mai ba shi abinci?"

"Ni ce, likita."

"Yana ci?"

"Yana ci. Sai dai ba ya nisa yake cewa ya ƙoshi."

"To, bari in gaya miki gaskiya. In kuka dawo wata mai zuwa na ga ya sake yin ƙasa, ba ni da wata dabara. Sai mu zura masa roba ta hanci, a riƙa ɗura masa abincin ta nan."

Yaya ta ce to. Ba ta kalli Baba ba, amma ta ga hannunsa mai lafiya ya damƙi hannun keken guragunsa har jijiyoyi sun tashi. Lokacin da yake kwance a asibiti bayan ɓarin jikinsa ya shanye, akwai wani dattijo a gadon kusa da shi da aka sa wa irin wannan robar, aka manne masa ita a kumatu da filasta. Maganar farko da Baba ya iya haɗawa bayan harshensa ya fara dawowa a kan dattijon ya yi ta. Ya nuna shi da haɓa ya ce, "Ban da wannan." Ta ce masa ban da wannan, Baba. A lokacin ba ta san alkawari ta ɗauka ba.

Ya kamata a faɗi wace ce ita. Ita ce babba a gidan, kowa Yaya yake ce mata, har maƙwabta da suka girme ta, har mai kawo gas. Mahaifiyarsu ta rasu da daɗewa. Ƙaninta yana aiki a wani gari mai nisa, yakan kira ya ce, "Yaya, sannu da ƙoƙari, Allah ya bar mana ke," sai layin ya yanke. Ƙanwarsu, Auta, tana jami'a, sai ƙarshen mako take leƙowa da jakar wanki. Ita kuwa Yaya tana karɓar kuɗi a wani babban kanti da ke tafiyar ƙafa daga gida. A bakin ƙofar ma'aikata akwai wata 'yar na'ura da ake dangwala mata yatsa da safe da kuma bayan hutun rana. In ka zo a kan lokaci ta nuna kore. In ka makara ta nuna ja, kuma ba ta mantuwa.

Baba ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nata. Matar maƙwabci da ke leƙa shi in Yaya tana wurin aiki ta gwada har ta gaji. Yakan juyar da fuska bango, don bakinsa ya karkace, abinci na zubowa ta gefe, kuma shi mutum ne da ko da ƙuruciyarsa ba ya yarda a ga maiƙo a rigarsa. Don haka kullum da rana Yaya na tahowa gida da sassarfa, ta ba shi, ta koma da sassarfa.

A watannin farko komai a birkice yake. Ta taɓa dafa shinkafa ta manta ba ta sa gishiri ba, ta taɓa zuwa aiki da takalmin banɗaki, ta taɓa ba Baba maganin dare da safe ta yini tana kuka a ɓoye a bayan kantar karɓar kuɗi. Na'urar ta nuna mata ja har Manaja ya kira ta ofis. Wata Asabar Auta ta same ta zaune a ƙasan kicin, tukunya na ƙonewa a kan wuta, ita kuma tana kallon tukunyar kamar ba tata ba.

"Yaya, matsalarki ba yawan aiki ba ce," in ji Auta, bayan ta kashe wutar. "Rashin tsari ne."

"Allah ko?"

"Wallahi. Na karanta. Ƙwaƙwalwa ba rumbu ba ce, ba a ajiya a cikinta. Ki bar waya ta riƙe miki lokaci, ke ki riƙe aiki. A yanka yini gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da abin da aka ba ta. Ƙararrawa ta buga, ki ajiye wannan, ki ɗauki na gaba. Ba tunani, ba waiwaye."

"Ke da ko gadonki ba kya gyarawa."

"Ai likita ba sai ya yi ciwon ba. Miƙo wayar."

Auta ta zauna a kan buhun shinkafa ta jera mata ƙararrawa tun daga tashi har kwanciya. Ta tashi, ta wankan Baba, ta magani, ta fara ba shi abinci, ta gamawa, ta fita. Abinci minti ashirin ta ba shi, ta ce ko sarki ne ya isa. Da farko wani sauti mai taushi ta sa, irin na tsuntsaye, sai Yaya ta yi barci a kansa. Sai ta canza mata zuwa wata ƙara mai kaifi, kamar ana kaɗa ƙarfe a kan ƙarfe, wadda ko matacce ya ji sai ya motsa.

Abin kuwa ya yi aiki, ba za a ci amanar Auta ba. Na'urar ta koma nuna kore. Magani bai sake rikicewa ba. Gida ya yi tsaf. Yaya ta daina tunani, kuma ta gane ashe tunanin ne ya fi komai cin ƙarfinta. Ta zama kamar ruwa a cikin famfo, a buɗe ta zuba, a rufe ta tsaya. Gajiyar ba ta tafi ba, wuri kawai ta samu ta zauna da kyau a tsakanin kafaɗunta.

Ga yadda cin abincin yake. Ta ɗaga Baba ta jingina shi da filo biyu, ta shimfiɗa masa tawul a ƙirji, ta ja kujerar roba ta zauna, ta ajiye wayar a kan durowa kusa da kwalaben magani. Ta ɗebo rabin cokali ta kai ɓangaren bakin da ke aiki. Baba ya karɓa, ya juya shi, ya juya shi, ya tsaya kamar ya manta, sannan maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa. Sai ta goge masa gefen baki, ta ɗebo wani. Tsakanin cokali da cokali mutum zai iya ninke riga, kuma wani lokaci takan ninke ɗin. Sai ƙarfen ya kaɗa. Ta miƙa hannu ta kashe, ta juyo da cokali, ta tarar ya rufe baki.

"Baba, ɗaya dai."

"Na ƙoshi."

"Ko rabin kwano ba ka ci ba."

"Na ƙoshi, Uwata. Je ki."

Haka yake kiranta tun tana ƙarama, kuma yana cikin kalmomin da ciwon ya bar masa lafiya lau. Sai ta rufe kwanon, ta wanke hannu, ta fita tana gyara ɗankwali a hanya.

Washegarin zuwa asibitin ta faɗa wa abokiyar aikinta, wadda kantarsu ke jere. Rediyo ake ce mata, don ba a taɓa samun maɓallin kashe ta ba.

"Roba? A'a, Allah ya kiyaye. Kin gwada masa hanta? Mijin yayar kishiyar... a'a, ba wannan ba, ɗayan, wanda ya faɗi a banɗaki, hanta ce ta tashe shi. Ko kuwa bakinsa ne ba ɗanɗano? Ki sa masa lemon tsami. Hajiya, wannan layin na masu kaya kaɗan ne, ki koma can. Ke kuma kin ga idonki kuwa? Kamar an tsoma a manja. Ki riƙa barci."

"Akwai ƙararrawar barci," in ji Yaya.

"Akwai ta mutuwa? Don na ga alama ita ma sai an buga miki za ki tafi."

Yaya ta yi dariya.

Ta gwada hantar. Ta gwada lemon tsamin. Ta dama, ta tace, ta niƙa, ta marmasa. Ta sayi madarar gwangwani ta marasa lafiya mai ƙamshin alli. Ta canza cokali zuwa ƙarami, ta canza kwano zuwa mai fure wanda mahaifiyarsu ke so. Auta ta turo mata sunan wata manhaja da ake rubuta abin da mara lafiya ya ci, ta ƙara mata ƙararrawa guda don cike ta. Kullum abin da Yaya ke rubutawa ɗaya ne: rabi, ko ƙasa da rabi. Wuyan rigar Baba ya yi masa yawa. In ta ɗaga shi don wanka sai ta ji ya yi mata sauƙin ɗauka, kuma ta tsani kanta da bayanta ke jin daɗin hakan.

Sai wata rana aka yini ba wuta, wayar ta mutu a jaka ba ta sani ba. Ranar hutunta ce. Ta dafa dankali ta marmasa shi da ƙwai da ɗan man shanu, ta zauna ba shi, hankalinta ya tafi can wani wuri, ga labulen da ya kamata a wanke, ga takalminta da ya fara buɗe baki. Hannunta na zuwa yana dawowa shi kaɗai. Ba ta farga ba sai da ta ji cokali ya kankari ƙasan kwano. Ta duba. Babu komai a ciki. Baba kuwa ya buɗe baki yana jira.

Ta kira Auta da wayar maƙwabciya. "Ya cinye! Dankali ne, ashe dankali yake so!"

"Kin gani ko? Na ce miki in ana rubutawa za a gano. Ki sa a manhajar."

Ta sayo dankali rabin buhu. Washegari da safe, da wayarta cike da caji a kan durowa, ta kawo masa shi yadda ta yi jiya sak, ko gishirin ba ta canza ba. Ya ci kamar kullum. Ƙarfen ya kaɗa. Ya rufe baki.

Ta yi masa dankali da rana, ta yi da yamma, ta yi kwana da kwanaki. Ta ce ko ƙwan ne ba irin na ranar ba, ta koma wurin mai shagon da ta saya a ranar. Ta ce ko tukunyar ce. Rediyo ta ce ai tsofaffi haka suke, yau su so gobe su ƙi, kamar masu ciki. Ranar komawa asibiti na matsowa. Wata safiya da Baba ya ce ya ƙoshi, Yaya ta ji wani abu ya taso mata, ta ce da ƙarfi, "To so kake a sa maka robar?" Ya dube ta. Idon ɓarin da ya shanye yana yawan zubar da ruwa ko ba dalili, don haka ba ta san ko kuka ba ne. Ta goge masa da tawul, ta ce ya yafe mata, ƙararrawar fita ta buga, ta fita.

Da ta dawo da rana ta tarar da baƙo. Wani tsoho ne dogo, siriri, da hula ta sha wanki, ya miƙe ƙafafu a kujerar robarta yana ba Baba labari da hannu biyu. Ta gane shi. Tare suka yi aiki da Baba a kamfanin sabulu tun kafin a haife ta, har aka sallame su tare. Kumfa ake kiransa, ita kuma Baba Kumfa take ce masa.

"A'a, 'yata! Ke ce kika zama haka? Ke da ubanki wa ke jinyar wani? Agogo, ka ga yadda ka tsotse yarinya?"

Agogo shi ne Baba. Haka suke kiransa a kamfanin, don an ce da shigowarsa ake saita na bango.

Ta gaishe shi, ta haɗa masa shayi a gurguje. Ta tsaya da kwanon Baba a hannu tana jinkiri, don ta san ba ya ci a gaban mutane. Baba Kumfa ya lura.

"Ba shi abinsa. Ni ba mutane ba ne. Shekara nawa muna cin abinci a kwano ɗaya da wannan, na san yadda yake tauna tun yana da haƙora."

Gefen bakin Baba mai lafiya ya ɗaga kaɗan. Ya buɗe baki. Ta ɗauko wata kujera, ta ajiye wayar a mazauninta, ta fara. Baba Kumfa na kurɓar shayi yana zuba, wane ya rasu, wane ya makance, an rushe ɗakin injin an yi wurin ajiye motoci. Ya kai kofin baki ke nan ƙarfen ya kaɗa.

Tsohon ya dire kofin a kan durowa har shayin ya fantsala, ya dafa gwiwa ya yunƙura. Ya kai rabin miƙewa sannan ya tsaya, a sunkuye, yana waige-waige. Sai ya fashe da dariya ya koma ya zauna.

"Kai! Allah ya isa tsakanina da wannan abu. Mene ne haka, 'yata? Wallahi na ɗauka hutu ya ƙare. Ka ji, Agogo? Sak irin tamu!"

Yaya ta kashe wayar. Ta juyo. Baba ya rufe baki, ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan tawul, a miƙe, kamar wanda ya gama.

"Wace irin taku, Baba Kumfa?"

"Ƙararrawar cin abinci mana. Wani guntun ƙarfen dogo ne aka rataye a bakin ɗakin cin abinci, heluma, shugaban leburori, ya buga a zauna, ya buga a tashi. Ta biyun nan in ta buga, ko loma ce a hannunka sai ka mayar. Wanda aka gani yana tauna bayan ta, sunansa ya shiga littafin masu laifi. Mu dai mukan cusa sauran a aljihu, ni har miya na taɓa zubawa a aljihu, matata ta kusa kashe ni. Amma ubanki? Ko sau ɗaya. Ya rufe kwano, ya goge baki, ya ce ya ƙoshi. Da yunwarsa fa! Cikinsa na kuka muna ji, injin ma bai rufe kukan ba, amma ya ce ya ƙoshi. Ya ce mutum ba ya sa aiki ya jira shi." Ya ɗauki kofinsa ya leƙa ciki. "Shekara da shekaru da barin wurin nan, kin ga ƙafata ba ta sani ba. Jiki ba ya ritaya."

Ya ci gaba da wani labarin, na wani heluma da ya faɗa kaskon sabulu. Yaya ba ta ji ba. Tana kallon kwanon da ke cinyarta, rabi cif, kamar an auna. Ta tuna ranar da ba wuta. Ta tuna rabin buhun dankalin da ke bayan ƙofar kicin, ya fara tsiro.

Ta sunkuya kusa da kunnen Baba, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, ka ƙoshi?"

"Na ƙoshi."

"Tsakaninka da Allah."

 Ya juya ido ya dubi wayar, ya dawo da shi kanta. Ya daɗe yana haɗa kalmar.

"Aikinki," ya ce.

Ba ta san ko tsohuwar al'adar ce ta rufe masa baki duk watannin nan ba, ko kuwa tausayinta, ko biyun ne suka haɗu har shi kansa bai san wanne ba ne. Ba ta tambaya ba. Ƙararrawar fita ta buga a hannunta. Ta danne maɓallin gefe har fuskar wayar ta yi baƙi, ta tashi ta kai ta kicin, ta sa a cikin tukunya ta rufe da murfi, abin da daga baya ita kanta ta rasa dalilinsa. Ta dawo ta zauna.

"Yau ba aiki," ta ce. "An ba mu hutun rana mai tsawo."

Baba ya dube ta irin kallon da yake mata tana yarinya in ta ce ba ita ta sha madarar ba.

"Buɗe bakinka, Agogo," in ji Baba Kumfa. "Heluma ya mutu, ni na je jana'izarsa."

Ya buɗe.

Ta ba shi. Ya juya, ya juya, ya tsaya, ya haɗiye. Abincin ya huce ta je ta ɗumamo. Hasken taga ya tashi daga kan gado ya hau bango. Baba Kumfa ya ƙare labaransa ya fara gyangyaɗi. A cikinta wani abu na ta ƙirga lokaci shi kaɗai, yana gaya mata yanzu Rediyo ta fara waiwayen ƙofa, yanzu layi ya taru a kantarta, yanzu Manaja ya fito.  Sai da aka ci fiye da awa kafin cokali ya taɓa ƙasan kwano.

Na'urar ta nuna mata ja. Washegari da safe ma ja, da rana ja. A rana ta uku Manaja ya aiko a kira ta.

Ba mugun mutum ba ne, shi ma idonsa duk gajiya. Ya saurare ta har ta gama, yana jujjuya biro.

"Na ji, kuma Allah ya ba shi lafiya. Amma ni ma akwai na sama da ni, kuma na'urar nan kai tsaye take kai musu. Kin fi kowa kiyaye lokaci a watannin nan, har misali nake yi da ke. Me ya faru da tsarin naki?"

"Yana nan, yallaɓai. Baba ne bai shiga cikinsa ba."

Ya ajiye biron. Sannan ya ce abu ɗaya ne a hannunsa. Akwai aikin yamma, daga la'asar har a rufe kanti, a yi lissafi, a share. Ba mai so, don ba hutun ƙarshen mako, kuma a tsaye ake yinsa tun daga farko har ƙarshe, lokacin da kowa ya taso daga aiki yana huce haushinsa a kan mai kanta. In tana so, nata ne. Safiya da rana sun zama nata.

Ta ce tana so. Ta faɗa da sauri don kada ta sami lokacin tunani.

"Kin haukace," in ji Rediyo. "Wa zan riƙa yi wa magana?"

"Kwastoma."

"Su ai amsawa suke yi."

Auta ta zo ranar Asabar, aka gaya mata. Ta zauna a kan buhun shinkafar nan.

"Ni na zaɓi sautin," ta ce. "Ni na ce minti ashirin."

"Ni kuma na yi wata da watanni ina kallon bakinsa ban gani ba. Tashi ki fere dankalin nan kafin ya zama gona."

"Yaya, in an sa ta a shiru fa, ta riƙa motsi kawai a aljihunki..."

"Auta."

"Na yi shiru."

Ba ta goge sauran ƙararrawar ba. Ta magani tana nan, ta tashi tana nan, don ba don su ba da tuni ta watse. Na abinci kawai ta cire, kuma in za ta shiga ɗakin Baba da kwano, wayar a kicin take zama. Abincin yamma ta dawo da shi kafin ta fita, ta haɗa masa da madara da ayaba da zai iya sha da kansa in dare ya yi. Kwanakin farko Baba na ci yana satar kallon durowa. A hankali ya daina.

Ranar asibiti likitan ya dubi allurar, ya dubi katin. Bai zare tabarau ba.

"Bai ƙaru sosai ba," ya ce. "Amma bai ragu ba. Me kika canza masa?"

"Ba komai, likita. Zama."

Ya ɗago kamar zai tambaya, sai ya ga layin da ke bakin ƙofa. "To, a ci gaba da zaman. Maganar roba mu ajiye ta tukuna. Ku dawo wata mai zuwa."

Tukuna ya ce, ba har abada ba, ta ji shi sarai. Amma hannun Baba a kwance yake a cinyarsa, a buɗe.

Sun dawo gida rana ta take. Daren jiya sai da aka rufe kanti ta taho, ƙafafunta sun kumbura har madaurin takalmi ya yi musu zane. Ta jingina Baba da filo, ta shimfiɗa tawul, ta ja kujera. Cokali, jira, gogewa. Cokali, jira. Ɗakin shiru, sai fanka da ke juyawa tana ƙyas-ƙyas. Wajen ƙarshen kwanon, a cikin jiran wata loma, kanta ya sunkuya ya sauka a gefen katifa.

Ba ta san iya lokacin da ta ɗauka ba. Abin da ya tashe ta wata 'yar ƙara ce, siririya, a kusa da kunnenta. Ta zabura tana lalubar waya, ta tuna tana kicin. Baba ne. Ya zare cokalin daga hannunta, ya jawo kwanon jikinsa, ya kankare sauran da kansa, rabi a baki rabi a tawul. Yanzu yana buga cokalin a gefen kwanon, a hankali, yana nuna mata taga da haɓa. Hasken ya hau bango, ya kai daidai hoton mahaifiyarsu, inda yake kaiwa in lokacin fitarta ya yi.

"Uwata," ya ce. "Aiki."

Ta duba kwanon da kyau, ta karkata shi ga haske. Sannan ta goge masa baki, ta naɗe tawul ɗin, ta sunkuya tana neman takalminta a ƙarƙashin gado.